Maƙeri Yirdaw da hannun Kes Admasu

Ruwa ake yi tun asuba a ranar, irin ruwan ƙarshen damina da ba ya tsawa, ba ya kuma ɗaukewa. Ina zaune a maƙerar Ato Yirdaw ina jin ɗumi, don zare ya yi laima ya ƙi saƙuwa, sai ga Wezero Tiruye, matar limamin cocinmu Kes Admasu, ta shigo jiƙe sharkaf da ƙullin tsumma a hannu.

Ni masaƙi ne. Katanga ɗaya ta raba ni da Yirdaw shekara arba'in da 'yan kai a nan Debre Tabor, a ƙasar Habasha. Maƙerin azurfa ne, haka ubansa ma. Bai san baƙi ko ɗaya ba, amma gicciyen da ke wuyan rabin unguwarmu daga hannunsa ya fito. Mutane suna sayen kayansa, sai dai ba sa cin abinci a gidansa, wai maƙera mayu ne. Shi kam dariya yake yi. Yakan ce mini, "Zeleke, da ina cin mutane ai ba da kai zan fara ba. Kai ƙashi ne zalla."

Tiruye ta kwance ƙullin. 'Yan kunnenta na aure ne da awarwaro biyu, duk na azurfa. Mun san abin da ya kawo ta: so take a narka su a yi wa mijinta gicciyen da zai iya riƙewa. Bara ciwo ya taɓa ɓarin jikin Kes Admasu na dama. Ya tashi, yana tafiya, amma yatsunsa uku ba sa rufuwa. Limami kuwa ba ya fita sai da gicciyen hannu, duk wanda ya gamu da shi ya sunkuya, a ɗora masa a goshi, ya sumbata. Sau biyu gicciyen yana suɓuce masa, na biyun cikin taɓo a bakin kasuwa. Dattawan coci suka ce in ya sake faɗuwa ranar Meskel, bikin gicciye, a gaban jama'a, to ya huta a gida, a ba wani aikin.

Na ce, "Ya riƙe da hagu mana."

Ta ce, "Da hagu ake sa albarka a gidanku?"



Yirdaw ya juya awarwaron a tafinsa, ya ce, "Uwar gida, kawo mini hannun."

"Hannun?"

"Da mai shi, in ba ya ciruwa."

Kwana uku Kes Admasu yana ja da baya kafin ya zo. Bai taɓa taka maƙera ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da lemarsa, Yirdaw ya share masa kujera da gefen riga. Sannan ya ɗumama kakin zuma, ya mulmula shi kamar rogo, ya sa masa a hannun dama.

"Babanmu, damƙe."

Limamin ya damƙe, hannun yana rawa. Ya ce, "Iyakar ƙarfina ke nan," yana kallon ƙasa.

"Ya isa. Ban ce ka shaƙe shi ba, ai ba dattijon coci ba ne."

Kes Admasu ya yi dariya har da tari. Matarsa ta ce rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon.

A kan wannan kakin Yirdaw ya yi aikin. Mariƙin bai yi shi a miƙe ba, ya bar shi da lanƙwasar da yatsun suka yi masa. A gefe ya murɗa wani zobe inda babban yatsa zai shiga, ya saje shi da adon, in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Kan gicciyen ya huda shi kamar saƙar kwando don ya yi sauƙin ɗauka. Da ya gama ya lulluɓe shi da yumɓu.

Sai yumɓu ya ƙi bushewa, ruwa kullum. Ya kai shi gefen murhun da matarsa take gasa wainarmu ta injera, tana mita yana lallashi, har mako biyu. Irin wannan aiki sau ɗaya ake yinsa. Za a gasa yumɓun, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba azurfa a gurbinsa, sannan a fasa. In ya ɓaci, siffar hannun ta tafi, ga Meskel saura kwana uku.

Ni na riƙe masa zuga-zugi ranar zubi. Da abin ya huce ya ɗauki guduma, ya ajiye, ya sha gahawa, ya sake ɗauka.  Ya buga a hankali, yumɓu ya dare. Gicciyen ya fito baƙi ƙirin da toka, amma ko'ina azurfa ta kai, har zoben. Ya ce, "Kai, saki zuga-zugin nan, tun ɗazu wuta ta mutu."

Da safiyar Meskel, bayan an kunna tarin itacen biki, jama'a suka yi layi gaban Kes Admasu. Dattawa suna gefe suna kallon hannunsa, ni ma shi nake kallo. Hannun yana rawa kamar kullum. Wata tsohuwa ta kama gicciyen da hannu biyu ta ja shi zuwa bakinta. Bai suɓuce ba. Aka yi ta wucewa har rana ta ɗaga, bai faɗi ba. Na duba Tiruye, ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da mayafi.

Yirdaw ne na ƙarshe a layi. Ya sumbata, sannan ya kama mariƙin ya ɗan girgiza, ya ce, "Bai matse maka yatsa ba, Babanmu?"

Kes Admasu ya yi shekara shida yana aikinsa bayan nan, har Allah ya ɗauke shi. Yirdaw yanzu idonsa ya yi rauni, ya rufe maƙerar. Yana Bahir Dar wurin 'yarsa ta biyu.