A Tsallake, A Dawo

A shekarar da ƙanƙara ta karya reshen itacen da ke bayan gidanmu a unguwar Glenwood, nan Amurka, ya faɗo ya lotsa rufin motar maƙwabcinmu, a shekarar ne na shiga ajin koyon karatu na manya. Ina da shekara hamsin da 'yan kai. Lamba kam na san ta tun a zangon Kumasi, inda na yi aikin mota, kuma a siton da nake aiki a gefen titin Wendover lamba ce ke tafiyar da komai. Haruffa ne suka gagare ni.

A cikin shekarar ce kuma 'yata ta rubuta jarrabawar shiga makarantar likitocin haƙori, sakamako ya fito, ɓangaren lissafi ya ja ta ƙasa. Ita ce ta fari, don haka ba na kama sunanta. Tun tana sakandare nake ce mata Likita da wasa, har sunan ya bi ta. Ta gama jami'a, tana aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori, tana miƙa wa likita kayan aiki. Ba lissafin ne ba ta iya ba. Tambaya arba'in ake bayarwa cikin minti arba'in da biyar, kuma lokaci ya ƙare mata tana da tulin tambayoyin da ko ganinsu ba ta yi ba.

"Zan sake sau ɗaya," ta ce mana muna cin tuwo. "In ya ƙi, na haƙura. Sai in ci gaba da miƙa wa wani madubi."

Mahaifiyarta ta ce in sha Allahu ba zai ƙi ba. Ni kuwa na ci gaba da cin tuwona. Na san 'yata, in ta ce sau ɗaya to sau ɗayan ne.

Tebur ɗaya gare mu, na kicin. Ranakun Asabar da safe, da yammacin da ba ni da aji, ita tana gefe guda da kwamfutarta, ni ina ɗaya gefen da littafina mai manyan haruffa da hotuna. Ta saita lokaci a wayarta, ta damƙa min, ta ce ni ne alƙalin wasa.

"In lokaci ya cika ka ce ya cika, Baba. Ban da tausayi."

A saman allon kwamfutar akwai lambar tambayar da take kai, wannan kuwa ina iya karantawa daga inda nake. Ɗaya, biyu, uku, duk su wuce da gudu. Sai lambar ta tsaya cik. Ta rubuta, ta soke, ta ciji biro, ta cika takarda ta juya bayanta. Ni kuwa ina kallo ina jin daɗi, domin haka muka raine ta: ba a barin shara a kusurwar ɗaki, ba a tashi daga wanki da sauran riga a ruwa. In ta ci ƙarfin tambayar sai ta bugi tebur da murna. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara a hannuna, ita kuwa ko kusa da ƙarshe ba ta kai ba.

Ba dabarar ce ba ta sani ba. Duk littattafanta sun faɗa mata.

"Kowa cewa yake in ta yi wuya ki sa mata alama ki wuce," ta ce. "Na sani, Baba. Hannuna ne ya ƙi. In na wuce ta, ji nake tana kallona ta baya."

Na gane abin da take nufi, domin ciwon nan ni ma ina da shi. Malamarmu wata dattijuwar Baturiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa, tana zuwa daga unguwar Irving Park da gwangwanin biskit, mu haɗu a wani ɗaki na laburare. Wata rana na maƙale a kan wata kalma. Harafin farko na san shi sarai, amma duk yadda na haɗa shi da sauran, abin da ke fitowa daga bakina ba magana ba ce. Matar da ke kusa da ni ta gama shafi ta juya, ni ina nan. Malama ta zo ta ɗora yatsa a kan kalmar, ta ce in tsallake ta in karanta zuwa ƙarshen layi. Na ce ta yi haƙuri in gama da wannan tukuna. Ta yi murmushi, ba ta ɗauke yatsan ba. Dole na ci gaba, sai na ga wani mutum ne ke yanka burodi da abin da ke ƙarƙashin yatsanta. Wuƙa ce, da Turanci. Ta ce harafin farkon ba a furta shi, zama kawai yake yi. Na ce ashe irin wasu ma'aikatanmu ne, su ne a gaba kuma ba sa ɗaga komai. Aji ya yi ta dariya.

Duk da haka ban ji na ci kalmar da halal ba. Gani nake ta bayan gida na shigo mata. Ban kai wa Likita labarin a matsayin shawara ba, domin abin da ni kaina ban yarda da shi ba, ba zan ɗora mata ba.

Haka muka shiga lokacin zafi. Wata Asabar ta yi gwaji, lokaci ya sake ƙare mata a hanya. Ta je ta kwanta a kan kafet a lungun da ke tsakanin kicin da falo, inda iskar na'urar sanyi ke fitowa, ta kifa littafi a fuska. Ni kuma na fito da tiren shayi, hannu biyu a cike, lungun ga ƙunci. Na ɗaga ƙafa na tsallake ƙafafunta na wuce.

"Malam," in ji mahaifiyarta daga bakin murhu. "Me na gani?"

"Me kika gani, Hajiya?"

"Ka tsallake min 'ya."

A wurinmu in aka tsallake yaro yana kwance, cewa ake ba zai ƙara tsawo ba. Maganinsa ɗaya ne, wanda ya tsallake ya koma ya tsallako ta inda ya bi. Da wannan dokar aka raine ni, da ita Hajiya ta raini 'yarmu a tsakiyar Amurka.

Daga ƙarƙashin littafin, da Turanci, Likita ta ce shekararta ashirin da uku, ta gama tsawo tun tuni.

"Ba da ke nake ba," in ji uwar. "Malam, koma."

"Hajiya, shayin zai zube."

"Ya zube. Yarinyar da ko kunnena ba ta wuce ba, ka zo ka danne ɗan abin da ya rage mata."

Na koma da baya, tire a hannu, ƙafa ɗaya a sama kamar shamuwa a fadama. Sai ga ni na dawo ɓangaren kicin, inda na fito.

"To yanzu ta ina zan wuce?"

"Ka ce ta naɗe ƙafa, kamar yadda ya kamata ka yi tun farko."

Littafin ya zame daga fuskar Likita saboda dariya. Ta tashi zaune tana share hawaye, sai ta koma Hausa.

"Mama, tsaya. In an tsallake mutum aka dawo, ya goge ke nan?"

"In an dawo babu komai."

"Ko da an ɗan jima?"

"Muddin bai tashi daga wurin ba."

Ta juyo ta dube ni. "Baba, tambayoyin nan ba sa tashi."

Kada a ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Gwajin da ya biyo baya ma ya fi muni. Ta shiga tsallake kamar kwaɗo, duk tambayar da ta ɗan haɗe mata rai sai ta sa mata alama ta wuce, ta isa ƙarshe da rabi babu amsa, wajen komawa ta rikice. Ta ce to ga abin da tsallaken ya jawo. Na ce a sake gobe. Ni ba ni da ilimin da zan ba ta, amma zama na iya, kuma ban taɓa gajiya da riƙe wayar ba.

Sai muka yi yarjejeniya. In na ga lambar ta daɗe ba ta motsa ba, zan buga cokali a jikin kofi, ita kuma dole ta sa alama ta wuce. Ta ce ta yarda, da sharaɗin in ina karatu a bayyane na maƙale, ita ma za ta buga min. Na amince ban san abin da na sa kaina ba. Ko numfashi na ja sai in ji ƙarar cokali.

"Ban maƙale ba, Likita. Haɗiyar yawu nake."

"Na ga fuskarka, Baba. Fuskar maƙalewa ce."

Hajiya ta ce gidanta ya koma makarantar firamare, saura a ɗaga tuta. Amma ita ma ta shigo ciki. Duk sanda aka gama gwaji sai ta leƙo daga kicin.

"Kin koma kin tsallako su?"

"Saura biyu, Mama."

"Allah sarki, bayin Allah. Gobe ki yi sauri."

A hankali Likita ta fara gane tambayoyin tun daga nesa. Akwai wadda ke da dogon labari amma cikinta babu komai, akwai gajeriya mai kama da mutumin kirki wadda in ka zauna da ita sai ta cinye maka rabin safiya. Ta ware irin waɗanda ke riƙe ta, ta riƙa yi musu zama na dabam ba tare da agogo ba, har ta san halinsu. Daga baya ta karɓe cokalin daga hannuna, ta ce a ɗakin jarrabawa babu Baba, dole ta koyi jin ƙarar a cikin kanta. Na ɗan ji babu daɗi, domin na saba da muƙamin. Ni kuwa a aji na daina jiran yatsan Malama. In kalma ta tsaya min a hanya sai in ce mata ina zuwa, in wuce, in dawo.

Ranar da ta fara kaiwa ƙarshe, ta koma, ta gama, wayar ba ta yi ƙara ba tukuna, mu biyu muka zauna muna kallon juna har ta yi ƙarar. Hajiya ta jiƙa wake a ranar, washegari muka karya da koko da ƙosai, har da maƙwabci aka kai wa.

Ranar jarrabawa na ɗauki hutu na kai ta. Wani ginin ofisoshi ne a bayan manyan kantunan Wendover, ba a shiga da komai, ko agogon hannu. Na ajiye mota a inuwa na buɗe littafina. Labarin wata mata ce mai kiwon kaji, na karanta shi daga farko har ƙarshe, na yi sallar azahar a gefen mota, na sake karanta shi. Can sai ga ta ta fito, ta tsuke fuska, ta shigo ta ja bel.

"Yaya?"

"Yunwa nake ji."

"Likita."

Sai dariyar ta ƙwace mata. "Na kai ƙarshe, Baba. Na koma. Uku ne kawai ban samu na tsallako ba."

Muka kira Hajiya a waya, na sa a lasifika.

"Uku?" ta ce.

"Uku, Mama. Gajeru za su zauna."

"Su zauna. Ai ba ni na haife su ba. Ku taho, abinci na hucewa."

Da sakamakon ya fito, lissafin da ya ja ta ƙasa ya hau inda ake so. Aka kira ta ganawa, ta je da sabuwar riga da mayafin uwarta. Da sanyi ya shigo aka bugo mata waya tana wurin aiki, wata makaranta a wani gari cikin jiharmu ta ɗauke ta. Likitan da take miƙa wa madubi ne ya ce ta tafi gida ta faɗa wa iyayenta.

Abin da muka rasa a wannan tafiya ba shi da yawa. Tambaya uku. Bikin aure biyu na 'yan zango da ba mu je ba, har yau Hajiya tana ba da haƙuri. Mutum ɗaya a gida, sai ƙarshen wata muke ganinta. Da haƙorina ɗaya na can ciki, wanda ta leƙa a hutunta na farko ta ce in je a cire.