Sara Uku a Hannun Tarakta

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. A gidanmu can ƙasar Arewa, duk hauyar da za ta fita daga maƙera sai an sare ta sau uku da kurfi a gindi, biyu a tsaye, ɗaya a gicciye. Shaidar kakanmu ke nan. Babanmu yakan ce aikin da ba shi da shaida shege ne, kuma na sha awartaki a ƙeya ranar da na manta. Lokacin da fari ya koro mu Yamai, ni na koyi sudir, wato walda, na kafa rumfa a unguwar Dar es Salam, yayana kuma ya samu tuƙin wata ƙaramar tarakta ta gwamnati a gonakin shinkafa na bakin kogi.

Zamanin soja ne. Yaran yanzu in na ba su labari dariya suke, su ce tsoro ne ya yi mana yawa. To, su yi ta dariya. A lokacin kayan gwamnati wuta ne. Akwai maƙwabcinmu da ya kai matarsa Babbar Kasuwa a motar aiki, aka tsayar da shi a hanya, ba mu sake ganinsa ba sai bayan watanni, ya dawo ba ya iya haɗa ido da kowa. Ko a cikin ɗakinka in za ka ambaci soja sai ka rage murya.

Wata Alhamis da hantsi na ji ƙarar tarakta a bayan rumfata. Na leƙa, sai ga yayana, garmar a ɗaure da igiya ta karkace gefe guda, shi kuma leɓensa ya bushe fari fat.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Ƙanena, na kashe kaina."

A bayan tarakta akwai hannuwa uku na ƙarfe da ke riƙe garma, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Na ƙasa na hagu ne ya lanƙwashe, kuma ya tsage dab da idon da ƙusa ke shiga. Da na matsa masa ya faɗi gaskiya. Shekarar nan kogi ya ja baya har ana taka shi da ƙafa, sai laka. A ƙasan unguwar Gaweye ya tarar da wani tsohon Bafillace, saniyarsa ta ƙarshe ta nutse a laka har ciki. Sai yayana ya ɗaura sarƙa a hannun nan ya ja ta a kaikaice, alhali hannun an yi shi ne don ja a miƙe. Saniya ta fita, hannu ya tafi. Kuma a ranar, bayan la'asar, sojoji za su zo duba injinan gonar ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi ban san lokacin da na fara yi masa ihu ba, ga shi ya girme ni da shekara shida. Na ce, "Saniya? Saniyar da ko kura ba za ta kalla ba? Kana da ƴaƴa biyar, Yaya! Wa zai ci da su?" Bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "Tsohon kuka yake yi." Na je na jawo zana na kare bakin rumfa.

Muka zare ƙusoshi muka ciro hannun. Na hura gawayi, shi ya kama zuga. Da ƙarfen ya yi ja na ɗora shi a uwar maƙera ina miƙar da shi a hankali, don in na yi gaggawa tsagar za ta wuce. Na buɗe bakin tsagar da magagari, na cika ta da sudir sau uku, kowane na kakkaɓe dattinsa kafin na gaba. Ni da na yi shekaru ban ƙone ba, ranar sau biyu tartsatsi ya ci mini tsintsiyar hannu. Duk motar da ta rage gudu a titi sai gabana ya yanke, yayana ya tsaya da zuga, mu yi tsit har ta wuce. Tsoro nake ji, tsoro irin wanda ke sa mutum ya ji fitsari.

Na sake gasa wurin, na binne shi a toka ya huce da kansa, don ruwa zai sa ya yi gautsi. Da ya huce na goge tudun sudir ɗin har ya yi daidai da jikinsa, muka shafe shi da tsohon mai da laka. Ko ni da na yi aikin sai na lalaba kafin in gane wurin. Muka mayar, garma ta ɗagu ta sauka lafiya. Ya tafi ana kiran azahar.

Na dawo daga sallar la'asar ina tattara kaya, sai na ga kurfi a kan uwar maƙera. Na tsaya ina kallonsa. Me ya fito da kurfi? A aikin nan babu inda ake buƙatarsa. Sai na tuna. Ƙarfen yana da zafi, kafin in binne shi a toka, hannuna ya ɗauki kurfi ya sara sau uku kamar yadda ya saba tun ina yaro. Innalillahi! Na ɓoye ɗinki, na rubuta sunan gidanmu a kai.

Ko rumfa ban rufe ba. Na hau keke na yi bakin kogi, ina isa na tarar sojojin sun riga ni. An jera taraktoci huɗu, kowane direba a tsaye kusa da tasa. Wani hafsa yana riƙe da takarda, wani sarjan baƙi dogo yana bi yana duba ƙasan kowace. Na tsaya a bayan shingen waya ina kallo.

Da sarjan ya zo kan taraktar yayana, sai ya tsuguna. Ya girgiza hannun dama, ya girgiza na hagu. Sai na ga ya sa babban yatsa ya share laka, ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kai ya dubi yayana, yayana ya dubi ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, yau ni zan kai wa matarsa labari. Hafsan ya yi wa sarjan tambaya da Faransanci. Sarjan ya ɗebo laka a jikin taya, ya shafa a wurin, ya miƙe ya ce lafiya lau. Suka wuce ta gaba.

Da suka gama sarjan ya zo wajen shinge kamar mai neman inda zai tofar da yawu. Ya kalli ƙunar hannuna, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausar garinmu.

"Biyu a tsaye, ɗaya a gicciye. Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Hauyar babana shaidar nan ce a jikinta. Da ita ya ci da mu. Bana ya ba da ita a kan tiya biyu ta hatsi." Ya waiga bayansa. "Ka goge ta. Wata mai zuwa ba ni zan duba ba."

Washegari da sassafe yayana ya biyo da tarakta. Shi ya riƙe hannun, ni na ɗauki magagari. Babanmu bai cika shekara a kabari ba a lokacin. Ina goge sarar farko yayana ya kau da kai, da na zo ta gicciye na ji hawayensa na ɗiga a bayan hannuna. Na ci gaba da gogewa, ni ma ba na gani sosai.

Hannun nan bai sake tsagewa ba har tarakta ta mutu, kuma yayana a ɗakinsa ya tsufa, cikin jikokinsa. Duk rayuwata ban yi aikin da ya kai shi kyau ba, kuma shi kaɗai ne ya bar hannuna ba shaida.