Macijin Rumbun Shitu

Laraba ce, ƙarshen bazarar 1954, a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore. Da asuba Gwaggo Tani ta ji ɗanta Shitu yana alwala a gindin randa. Ba ta yi masa magana ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "kai" ko "wancan". Cikin 'ya'yan da ta haifa, shi kaɗai ƙasa ta bar mata.

Shitu maginin rumbu ne. Daga Doguwa har Tudun Wada ana aiko masa, ya je ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora rumbu bisa duwatsu yadda gara ba za ta hau ba. Sa'o'insa sun tafi Riruwai haƙar kuza, shi ya ƙi, ya ce wa zai bar wa tsohuwa. Ba shi da yawan magana, in ban da tsokanar matarsa Saudatu.

A rumbun gidansa akwai wani siririn maciji mai ruwan ƙasa, marar dafi, wanda ke cin ɓeraye. Shitu ya hana a kashe shi. Ƙa'idarsa guda ce, kuma duk wanda ya gina wa rumbu sai ya koya masa: kafin ka shiga, ka bubbuga ciki da sanda, ka ɗan jira, abin da ke ciki ya ja jikinsa.

Da hantsi Saudatu tana shara ta tarar da macijin a waje, tsakanin duwatsun rumbu. Ya haɗiyi gafiya, wadda ta fi kansa kauri nesa ba kusa ba. Tsakiyarsa ta kumbura, fatar ta miƙe har tana sheƙi, wutsiyar gafiyar na leƙe a bakinsa.

"Malam, zo ka ga ɗan'uwanka," in ji ta. "Ya yi irin cin da kake yi a gidan suna."

"Ai gara shi. Ni tun da na aure ki cikina bai taɓa tashi haka ba."

"To gobe sai in dafa maka gafiya."

Gwaggo Tani ta leƙo daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ku bar dariya. Wanda ya ci abin da ya fi bakinsa, ko ya amayar ko ya mutu."

Shitu ya jingina zana ya yi wa macijin inuwa, ya kori kaji.

Bayan azahar hadari ya haɗu a gabas. Shitu ya ce bari ya ɗebo irin gero, kada ruwan shuka ya same su ba shiri. Ya kafa tsani, ya ɗage murfin rumbu. Saudatu ta miƙa masa sanda.

"Wa zan yi wa sallama?" in ji shi. "Mai ɗakin ga shi can kwance."

Gwaggo Tani tana zaune tana kaɗi, ta ji shi sarai. Ta ɗaga kai, ta ga ƙafafunsa sun riga sun shiga. Maganar ta zo mata har baki. Amma ba ta saba tsawata masa a gaban matarsa ba, kuma ba ta da sunan da za ta kira. Ta ci gaba da murza mazari.

Gamsheƙa ce a ciki. Ba wanda ya san yaushe ta shiga. Daga baya wasu suka ce ita ta koro macijin ɓerayen waje. Ta sare shi a gefen wuya.

Da ƙafarsa ya sauko. Ya zauna ya jingina da bango, ya ce, "Gwaggo, an sare ni."

Kafin la'asar an kawo Maikano mai maganin maciji, ya tsaga wurin, ya shafa abin da ya shafa, ya ba shi jiƙo, amma Shitu ya kasa haɗiyewa. Sale, makwabcinsu, ya hau keke zuwa bakin hanya ko zai tare motar kuza. Ba mota. Idanun Shitu suka soma rufewa, yana ƙoƙarin buɗe su da yatsa. Yawu ya riƙa zuba. Saudatu ta tallafe kansa, Gwaggo Tani ta zauna can wajen ƙafa, ta riƙe duga-dugansa. Rana ba ta faɗi ba ya cika. Hadarin ya watse, ba a yi ruwa ba.

Washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, maza suka fasa rumbun suka kashe gamsheƙar. Macijin ɓerayen ya mutu a inda yake, gafiyar na cikinsa.

Da aka yi sadakar arba'in liman ya zo aka fito da kayan Shitu. Garma da lauje aka bar wa Saudatu. Butarsa aka kai masallaci. Babbar rigarsa ta Juma'a Gwaggo Tani ta ce a ba Sale. Ƙasar da ya kwaɓa ya rufe da ciyawa, ta rumbun wani mutumin Doguwa, ta bushe a bayan gida, mutumin ya aiko aka farfasa aka ɗora wa jakuna. Saura takalmansa na fata, waɗanda dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda. An gwada wa mutum biyu, ba su yi musu ba. Gwaggo Tani ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta shiga da su ɗaki.