Sabon Inji a Tsohuwar Motar Baba

Motar babanmu ta girme ni. Ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa a shekarar da gyaɗa ta yi masa kyau, kuma tun daga lokacin mutanen Durba ba su san shi da wata mota ba. Ƙirar Faransa ce, ruwan toka, mai dogon hanci, kujerarta ta gaba guda ɗaya doguwa kamar benci. Sandar giyarta ba a ƙasa take ba, a wuyan sitiyari take. A cikinta aka kai ni asibitin Rano da na faɗo daga kan mangwaro, a cikinta aka kai yayata ɗakin mijinta. Ta ɗauki buhunan dawa, ta ɗauki raguna, ta ɗauki masu naƙuda.

Tsufa ya zo musu tare. Gwiwar Baba ta hagu ta fara ciwo, taka kuloci ya zama masa azaba. Sitiyarin kuwa dama sai mai ƙarfi, in zai juya mota a ƙofar gida sai ya haɗa gumi. Ita ma motar ta fara shan baƙin mai kamar ruwa, tana hayaƙi, kayan gyaranta sun yi wuyar samu. Wata ranar kasuwar Kibiya, a hanyar komawa gida, injin ya buga. Da shanun huɗa aka jawo ta, Baba na ciki yana riƙe da sitiyari, fuska a murtuke.

Daga nan ya zama mai zaman gida. In zai je ɗaurin aure ko gaisuwa sai ya jira ɗan acaɓa, shi kuwa ya tsani hawa bayan babur da babbar riga. Hirarsa ta ragu. Ni ina koyarwa a wata sakandare a Rano, nakan zo gida ranar Juma'a, kullum sai in tarar da shi a kan tabarma kusa da motar, ya sa an wanke ta tas kamar gobe zai yi tafiya.

Muka haɗu da 'yan'uwana muka yanke shawarar saya masa wata. Ni aka wakilta in gaya masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Allah ya yi muku albarka. Amma ku saya wa kanku. Ni da motar da za mu fara sanin juna yanzu, wa zai koya wa wani hali?”

Ina da aboki bakanike a Rano, tare muka yi makarantar allo. Da na ba shi labari sai ya ce in kai shi ya gani. Ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya fito yana kakkaɓe riga.

“Baba Alhaji, jikinta lafiya ƙalau,” in ji shi. “Irin wannan ƙarfen ba a yin sa yanzu. Cikinta ne ya gaji. In ka yarda, mu sa mata injin zamani, da giya mai canza kanta wadda ba ruwanka da kuloci, da sitiyarin da mai ke taimaka masa. Da yatsa ɗaya za ka juya ta.”

Baba ya ƙare wa motar kallo. Can ya ce, “Fentinta fa?”

“Ba za a taɓa ba.”

“Kujerata?”

“Tana nan.”

“To, sitiyarin da hannuna ya sani shi zan riƙe. Giya kuma a inda take zan same ta. Ba na son in riƙa lalube a ƙasa kamar wanda ya yar da allura.”

Abokina ya sosa ƙeya, don wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne mai wuya. Amma ya ce zai gwada.

Ranar Asabar muka tafi Kano ni da abokina, kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa. A can na gane ba kowane inji ne zai yi ba. Motar Baba da tayoyin baya take tura kanta, yawancin na yanzu kuwa da na gaba suke ja. Muka yi ta zagaya rumfuna har la'asar kafin muka samu na wata motar Japan, ɗan kwatano, wato na hannu, haɗe da giyarsa da wayoyinsa da wani ɗan akwati da suke kira ƙwaƙwalwar inji. Muka haɗa da kayan sitiyari da famfonsa, muka loda a akori-kura.

Washegari aka jawo motar Baba zuwa gareji. Mun ɗauka zai zauna a gida ya jira. Ina. Ya ce zai tare a gidana a Rano har a gama. Kowace safiya in zan tafi makaranta sai in sauke shi a garejin da tabarmarsa da butarsa, ya shimfiɗa a gindin darbejiya, daidai inda zai ga komai.

Fitar da tsohon injin bai ba da wahala ba. Sabon ne ya ƙi zama. Suka rataye shi da sarƙa suka sauke a hankali, sai kaskon mansa ya dira a kan ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin motar. Suka ɗaga, suka karkata, suka sake saukewa, ya ƙi. Baba daga kan tabarma ya ce, “Baƙo ne, ku bi shi a hankali. Bai san ɗakin ba.” A ƙarshe mai walda ya yanke kaskon ya sake masa siffa, ya kuma ƙera sababbin ƙafafu na ƙarfe mai kauri da injin zai zauna a kai. Sai da aka matsa lagireto gaba kaɗan kafin fanka ta samu wurin juyawa.

Da mai haɗa wayoyin mota ya zo yana haɗa ɗan akwatin nan, Baba ya tambaye shi mene ne. Ya ce ƙwaƙwalwa ce, ita ke auna man da inji zai sha.

Baba ya ce, “Ikon Allah. Duk shekarun nan da tawa muke amfani ni da ita. Yanzu ta samu tata, Allah ya sa mu riƙa shiri.”

Farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, ta yi tsawo, don sabuwar giyar ta fi tsohuwar girma. Aka rage ta aka yi walda a nan garejin. Da aka ɗaga bayan motar aka gwada, sai duk jikinta ya hau karkarwa, ƙofofi na kaɗawa. Abokina ya ce waldar ta ɗan kauce, dole a kai Kano wurin masu injin gyaran ƙarfe su daidaita ta. Wannan ya ci mana mako guda. Baba bai damu ba. Zuwa lokacin ya zama ɗan gari a garejin. Direbobi na kawo masa ƙara yana sasanta su da makanikai, mai shayi ya san yadda yake son nasa, har wani dattijo mai sayar da taya ya fara kawo tasa tabarmar.

Sitiyarin aka yi daga baya. Suka cire tsohon akwatinsa mai nauyi, suka ɗaura sabon da bututun mai, suka haɗa shi da tsohuwar sandar ta yadda abin da Baba zai riƙe bai canza ba. Batun giya kuwa, abokina ya kwana biyu yana tunani, sannan ya samo wata waya mai ƙarfi ya bi da ita daga sandar da ke wuyan sitiyari har zuwa cikin giyar. Ya ɗauko farin fenti ya ɗiga alamu a wurin: nan tsayawa, nan baya, nan gaba.

Ranar da Baba zai tayar da ita da kansa na nemi izini a makaranta. Baba ya shiga ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Injin ya tashi nan take, amma shiru, sai ɗan gurnani kamar na kyanwa. Baba da ya saba da rugugi bai ji komai ba, ya sake murɗawa, sai wata ƙara ta tashi kamar ana niƙa tsakuwa.

Abokina ya riƙe masa hannu. “Ta tashi, Baba Alhaji. Tun ɗazu.”

Ya karkata kunne ya saurara. “To ita ba ta gaisuwa ne?”

Muka kai ta wani filin ƙwallo a bayan gari don ya gwada. Ni na zauna a gefensa, abokina a baya. Ya ja sandar zuwa gaba, mota ta tafi sumul. Muna cikin tafiya, ya ji lokacin canza giya ya yi, ƙafarsa ta hagu ta tashi da kanta neman kuloci, ta sauka a kan birki da duk ƙarfinta. Goshina ya gaisa da gilashi, hular abokina ta tsallako gaba ta faɗa cinyar Baba.

“Ba ni ba ne,” in ji Baba. “Ƙafar ce.”

Muka sake tashi. Da muka kai ƙarshen filin, ya tattara ƙarfinsa kamar yadda ya saba ya murɗa sitiyari. Motar ta juya kamar mazari, ta nufi wani tarin karan dawa da ke gefe, ta shige da hancinta. Kara ya rufe gilashin gaba. Motar ta tsaya cak. Sai na ji kafaɗar Baba na motsi. Dariya yake yi, irin wadda na daɗe ban ji ba, har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, “Ashe da gaske kake da batun yatsa ɗaya.”

Abokina ne ya kawo dabarar ƙafar. Ya ce Baba ya cire takalmin hagu ya naɗe ƙafar a kan kujera kamar yana zaune a tabarma, tunda kujerar mai faɗi ce. Haka aka yi. Muka yi ta zagaya filin har rana ta yi sanyi, kwana biyu muna komawa, har hannunsa ya koyi sassauci.

Da ya koma Durba da ita, yara suka bi ta a guje, manya suka zo suna leƙa cikin bonet. Inna ce kaɗai ta kawo ƙorafi. Ta ce da can tun daga bakin gari take jin zuwansa ta ɗora ruwan alwala ta kwashe tuwo, yanzu kuwa sai dai ta ji sallama a tsakar gida. Suka yi yarjejeniya zai riƙa danna hon in ya iso masallaci.

Bayan mako biyu ya ce zai je Madachi duba ƙanwarsa, gwaggonmu, kuma shi kaɗai. Hankalina bai kwanta ba. Hanyarsa ta Rano za ta bi, don haka na laɓe da babur ɗina kusa da tasha, da ya wuce na bi shi daga nesa. Yana tafe a natse, gwiwar hannu a kan taga, yana ɗaga wa mutane hannu. Da muka fita gari sai na ga ya sauka gefen hanya ya tsaya. Na ɗauka wani abu ne ya lalace, na ƙarasa da sauri.

Ya leƙo ta taga. “Malam, yau ba makaranta ne?”

Na ce akwai.

“To madubin nan ba a canza shi ba, yana aiki. Tun daga tasha nake ganin ka. Koma wurin 'ya'yan mutane, suna jiran ka. In na dawo zan biyo da ɗanwaken gwaggonka.”

Ya ja sandar giya, ya hau hanya. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na juya babur na koma aji. Da la'asar ya biyo ta gidana da kwanon ɗanwake, da ɗuminsa.