Wutar da Iya ta ba mu riƙo

A gidanmu na Yargoje, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu, tana gasa mana gyaɗa a toka. Mu bakwai ne jikokinta a lokacin. Tatsuniya ɗaya ta fi so, kuma duk da mun haddace ta tsaf, ba mu taɓa sanin wa zai zama jaruminta ba.

Labarin wani gari ne da aka kwana ana ruwa har wutar kowane gida ta mutu, sai aka aiki yaro bayan dutse ya ɗebo garwashi a kasko. A hanyar dawowa iska ta tare shi, rafi ya cika, kura kuma ta biyo shi tana roƙon ya ajiye kaskon ya huta. In ya ajiye, garin ya kwana da yunwa.

Abin da Iya ke yi shi ne, ba ta ba yaron suna nasa. Sunayenmu take saka masa. Da ta hango wani ya fara gyangyaɗi, sai ta miƙa masa kaskon ba tare da ta ja numfashi ba. "Sai Lawal ya iso bakin rahi, ruwa har wuya, wuta bisa kai." Ni ne Lawal, kuma ni ne sarkin barci, don haka kullum a rafi nake farkawa. Na taɓa yi mata ƙorafi cewa ɗazu ɗan'uwana Sale ne ke riƙe da wutar.

"Maigidana, mi ya dame ka da ɗazu?" in ji ta. "Yanzu hannunka take. In ka tsaya gardama ta mutu."

Yayata Hadiza ce kaɗai idonta ba ya rufewa, saboda haka kusan kullum ita ke shigar da wutar gari, tana hura hanci.

Iya ta daɗe da rasuwa. Sanƙarau ya tafi da jin Yaya Hadiza bayan haihuwarta ta biyu, yanzu tana aure a Sabuwa. Ni kuma na zama mai rubuta manhajar rediyon intanet, irin wadda murya ke gudana, rubutun da ke kan allon waya yana sauyawa yana faɗin abin da ake ji. Da Kawu ya tono wani tsohon kaset da ya taɓa ɗaukar Iya a kai tana wannan tatsuniyar, na sa shi a manhajar don dangi na Ƙanƙara da Faskari su saurara. Kowa ya yi kukansa ya gode. Yaya Hadiza ta rubuto mini: "Yara sun ce sun ji sunana. Allah ya ji ƙanta." Wannan saƙon ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Sai na ce to, rubutun allon ya riƙa nuna inda labarin ya kai da sunan mai riƙe da kasko. Gwajin farko ya ba ni kunya. Na aika rubutun ta hanyarsa daban, muryar ta hanyarta, ga sabis ɗin Sabuwa sai a hankali. Muryar ta maƙale a baya, rubutun ya yi gaba abinsa. Yaya ta ga an shiga gari, ta yi murmushi ita kaɗai, alhali 'ya'yanta suna can suna tsoron kura. Ta ce in bar wahalar da kaina, ta saba. Ban yarda ba. Na warware aikin, na cusa kowane suna cikin sautin kansa, daidai gurbin da Iya ta furta shi, yadda in murya ta tsaya suna ma zai jira ta.

Na kai mata da kaina. Muka zauna a tsakar gidanta bayan magariba, wayar a hannunta, yara sun jingina da ita. Sale ya wuce, Lawal ya faɗa rafi, yaran suka tuntsire suna nuna ni, ita ma ta kai mini duka a kafaɗa a daidai lokacin. Can sunanta ya fito, ƙaramar 'yarta ta ɗago ta dube ta, ita kuma ta riga ta dafe ƙirji.

Da ina yaro na ɗauka dabarar hana barci ce kawai. Yanzu nake ganin Iya so take kowannenmu ya ji zafin kaskon a tafinsa, kada wani ya zauna ɗan kallo. Yaya ta goge ido da gefen mayafi, ta ce da muryarta da ta yi sama tun da ta daina jin kanta: "Ka gani ko? Har yau ni ka kawo wutar nan gida."