Sito Mai Kwaɗo Biyu

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar watan Agusta, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, muka sauka a tashar Gwandu ni da Bappa Ummaru, yayan mahaifina. An yi ruwa da safe, tashar duk ta caɓe. Tun motar ba ta gama tsayawa ba na hango Sahabi mai amalanke ya gyara tsayuwa, har ya shimfiɗa tsohuwar tabarma don kada kaya su jiƙe, ga 'ya'yan Bappa da na maƙwabta sun yi cirko-cirko suna leƙen saman mota. Bappa ne da kansa ya ce wa Sahabi ya jira shi, domin ya tafi Kalgo ɗauko shinkafa wurin ƙanensa. Abin da yaron mota ya miƙo mana buhu ɗaya ne da aka ƙulle daga can gindi, bai fi tulun yara girma ba, sai sauran buhunan a naɗe yadda suka tafi. Sahabi ya dubi saman motar, ya dubi Bappa. Ya ɗora ƙullin a tsakiyar amalanke ya tura. Haka muka ratsa gari, ƙullin yana gangarawa nan da can, ni ina biye da ledar kayana, ina jin idon kowa a ƙeyata. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiya ba, kuma ba ni na yi laifin ba.

Mu 'yan Gwandu ne, aiki ne ya kai Baba Kalgo. Wani attajiri da ke shigo da kaya ta kan iyaka ya gina sito a bakin hanya, ya ɗauki Baba tsaronsa, ya ba mu ɗakuna biyu a jikin katangar. Ƙaton gini ne na bulo da rufin kwano, babu taga sai wasu ramukan shan iska can sama kusa da rufi. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, kwaɗo biyu ne a jikinta. Mabuɗin ɗaya yana rataye a wuyan Baba da igiyar fata, ko wanka zai yi ba ya cire shi. Mabuɗin ɗayan kuma yana hannun Malam Bitrus, wani jami'in kwastan mutumin Zuru, wanda yakan zo a babur daga Birnin Kebbi, ya ba mu alewa, ya duba wayar da ya zarga a ƙofar da ɗan dunƙulen dalmar da ya matse ta da shi. Idan ba su biyun sun tsaya tare ba, ƙofar nan ba ta buɗuwa, ko da shi mai kayan ne ya zo da kansa.

Baba mutum ne mai son bayani. Idan ka tambaye shi hanyar rijiya, sai ka ji tarihin wanda ya haƙa ta. A bakinsa na fara jin cewa sito irin wannan kashi-kashi ne. Akwai na gwamnati, inda ake jibge kayan da aka kama ko waɗanda masu su suka yi watsi da su, har a yi gwanjonsu. Akwai na haya, wanda 'yan kasuwa da dama ke kama wuri a ciki, kowa da kusurwarsa. Namu kuwa na mutum ɗaya ne, an ba shi izini ya ajiye kayansa har ya biya kuɗin fito. Yakan ce kayan da ke ciki sun shigo ƙasa da ƙafa, amma ba su shigo a wurin hukuma ba, don haka ko ƙwaya ɗaya ba ta halatta ga kowa. Mu yara ba abin da ya dame mu da wannan. Inuwar sito muka sani, a nan muke carafke da tsakuwa bayan mun dawo makaranta, a nan Inna ke shanya kuɓewa, a bayansa kuma muke ɓuya idan an kira mu surfe.

Daminar da ta gabaci wannan shekarar ba ta yi kyau ba a wajen Gwandu, ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai. Kafin wata daminar ta tsaya rumbuna sun yi ƙasa, a gidaje da yawa tafasa da rama ne abincin rana. A daidai wannan lokaci ne manyan motoci suka sauke shinkafar waje a sitonmu, fararen buhuna har rufi, aka rufe aka matse dalma. Direbobin da ke bin hanyar ba su da sirri. Kafin mako ya zagayo an ce a Gwandu ɗan Kaka Hajo, wato Baba, yana kwana da ɗaki guda na shinkafa, mabuɗi a wuyansa. Ba wanda ya kai labarin kwaɗo na biyu. A gidan namu kuwa fate muke sha, Inna tana auna tsaki da ido tana ƙara ruwa.

Da Bappa ya iso da buhunansa a hammata, Inna ta yanka kazar da take tattali saboda Salla. Ya ci, ya yi hamdala, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, ba da roƙo ba, domin babba ba ya roƙon ƙanensa. Ya ce tsohuwa ce ta aiko shi, aro ake so zuwa kaka. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince rama, na ga Baba ya sunkuyar da kai, sannan ya kama bayanin nan nasa tun daga tushe, da sito na gwamnati da na haya da kuɗin fito. Bappa ya saurara har ya gaji, ya ce, "Kai dai buɗe naka, sauran a bar ma Allah." A nan ne Baba ya yi abin da har gobe nake cewa da bai yi ba. Don ya nuna ba ƙarya yake ba, sai ya ja yayansa zuwa ƙofar ya nuna masa dalmar, sannan ya jingina tsani a bango ya ce ya hau ya leƙa ta ramin iska, ya ga ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Dattijo da furfurarsa ya tattare riga ya hau tsani, mu da yaran unguwa muna kallo. Ya daɗe a can sama. Da ya sauko bai dubi kowa ba, ya ce a nuna masa buta.

A wurinmu baƙo ba ya komawa da mazubinsa wayam. Inna ta juye ɗan geron da ya rage mana a buhu ɗaya ta ƙulle, ita a ganinta ta fita kunya. Da ta san yadda ƙullin zai zauna a tsakiyar amalanke, ina jin da ta bar shi. Ni kuma dama an tsara zan yi dogon hutu wurin Kaka, sai aka haɗa ni da Bappa. Tun daga Kalgo har Gwandu bai yi mini magana ba, sai sau ɗaya da ya saya mini rake ya ajiye a cinyata.

Wannan hutu shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya hana ni abinci, da ma hakan aka yi da ya fi mini sauƙi. Da asuba mukan tafi gonar Bappa ta hanyar Masama mu cire ciyawa, mu dawo da tafasa a zane, in ɗebo ruwa, in wanke kwanoni, duk ina yi da rawar jiki ko za a manta 'yar wace ce ni. Amma da an ajiye akushi muka kewaye shi, sai wani ya ce a yi haƙuri da Dije, ita ba ta saba da ganye ba. Sai in yi loma biyu in tsame hannu in ce na ƙoshi, hakan kuma ya zama shaida a kaina. A dandali 'yammata suka sa mini suna Dije ta Sito, har suka cusa shi cikin waƙar gaɗa, idan na faɗa a cafe ni sai su yi kamar na yi musu nauyi. Na rantse musu mu ma fate muke sha, suka yi ta dariya. Kaka Hajo kuwa ba ta taɓa yi mini zancen ba. Sau ɗaya na ji tana ce wa maƙwabciyarta ta kan zana, "Ɗan da nih haihwa shina kwana bisa hatsi, ni ina nan ina cin tahwasa." Na koma bayan rumbu na yi kuka, ina jin haushin su duka, na fi jin haushin Baba.

Da na koma Kalgo na tarar abin bai ƙare ba. Attajirin ya shiga wata matsala ta kasuwanci, ya yi ta ɗaga ranar fitar da kayansa. Iska ta ɗage kwano a kusurwar rufin, ruwa ya riƙa bin bango. Baba ya hau ya danne da duwatsu, ya aika wa attajirin saƙo ya sake aikawa, amma ciki ba shi da ikon shiga. Wari ya fara fitowa ta ramukan iska, ƙwari suka cika mana ɗaki. Ranar da aka buɗe ƙofar a gaban Malam Bitrus da duba-gari, buhunan sun yi baƙi sun manne da juna. Duba-gari ya ce ko dabba ba za a ba wa ba. Aka haƙa rami a bayan gari aka kwashe su, Baba yana cikin masu ɗauka, aka zuba kananzir aka cinna wuta. Mutane suka tsaya daga nesa hannu a haɓa, wata tsohuwa tana ta salati. Malam Bitrus ya cire hularsa ya riƙe, ya ce wa Baba shi ma abin ya tsaya masa a rai. Hayaƙin ya kwana biyu yana tashi, labarinsa kuma ya riga motar safe isa Gwandu.

Allah ya sa ba a rasa rai a gidan Bappa ba, gero ya nuna, aka shiga kaka, ciki ya manta. Zumunci bai yanke ba, ana zuwa suna ana zuwa biki, Baba yana aika wa Kaka abin da ya samu har ta rasu. Abu ɗaya ne ya canza. Bappa bai sake cin abincin gidanmu ba. Idan ya zo aka kawo kwano sai ya ce yana azumi, ko ya ce yanzu ya tashi daga kan abinci. Baba ya san dalili, Inna ta sani, ni ma na sani, kullum kuma sai an kai kwanon an dawo da shi a rufe. Ranar jana'izar Baba ma ruwa kawai ya sha.

Bara na je Gwandu gaishe shi, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Muna hira zance ya biyo ta kan Baba, sai na tsinci kaina ina yi masa bayanin kwaɗo biyu da kuɗin fito, da ɗaurin da zai hau kan mutum idan ya tsinke dalma. Ya bar ni na kai aya, ya yi murmushi ya ce bakin ubana ne sak. Sannan ya ce, "Dije, tun ranan nan na san ba tashi ba ce. Da ya ce mani babu, da na komo gida na ce babu. Amma ya sa ni hawan tsani in gani da idona, sannan in zo in dubi tsohuwa."

Yanzu idan na bi hanyar Kalgo, fadama kore shar take da shinkafa rani da damina, injinan casa suna ta ruri, motoci kuma fita suke da ita maimakon kawowa. Tsohon siton ya zama wurin gyaran babura, an cire ƙofar gaba ɗaya. 'Ya'yana ba su san ɗanɗanon tafasa ba, suna ma yamutsa fuska idan an yi shinkafa kwana biyu a jere. Ina kewar Baba da dogon bayaninsa, kuma na san amana ya riƙe, ba zan ce ga abin da ya kamata ya yi ba. Kunyar dai ba ta sake ni ba. Ran nan da zan baro Gwandu na dafa wa Bappa tuwon shinkafa da hannuna na ajiye a gabansa, ya buɗe ya shaƙi ƙamshin, ya sa mini albarka, ya mayar da murfin ya ce a kai wa yara. Ashe ni ma har yanzu 'yar gidan Baba ce.