Ta'aziyyar Baba a Filin Ƙwallo

Wasiƙar ta same ni ran Alhamis, a wani ƙaramin gari na ƙasar Sikotland inda gwamnati ta tura ni kwas ɗin kiwon dabbobi, a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa. Yayana ne ya rubuto daga Gwaram, aka jefa ta a gidan waya na Birnin Kudu. Layi huɗu kacal: Baba ya rasu, an yi jana'iza, an yi addu'ar uku da ta bakwai, in yi haƙuri. Da na duba hatimin, ashe Baba ya fi sati uku a cikin ƙasa, ni kuwa ina nan ina ci ina sha ina dariya.

A wajenmu wanda aka yi wa rasuwa ba ya zama shi kaɗai. Tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar gida, jama'a su yi ta zuwa, a durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, har ka gaji da amsa gaisuwa. Ni kuwa kwana biyu ina bakin gado, ko ƙofata ba a ƙwanƙwasa ba. Abin da ya fi cina shi ne a ce ubana ya tafi, ban samu ko mutum ɗaya da zai tsaya tare da ni mu yi masa addu'a ba.

Mai gidan da nake haya wani tsoho ne da ya yi aikin tashar jirgin ruwa, magana ba ta dame shi ba. Na gaya masa rasuwar, ya kaɗa kai ya kawo mini shayi, shi ke nan. Ran Asabar ya leƙo ɗakina da tikiti biyu, ya ce in sa kwat, ƙungiyarsu na wasa a gida. Wallahi raina ya ɓaci. Ƙwallo, a makokin Baba, mutumin da har ya bar duniya yake mamakin ƙarti masu gemu suna bin fata a guje! Amma babba ne, ban iya ce wa babba a'a ba. Na bi shi kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

Muka shiga ta wata ƙofar ƙarfe mai juyawa, ɗaya bayan ɗaya. Ba kujera, kowa a tsaye kan matakalar siminti, kafaɗa da kafaɗa, ga yayyafi, ga hayaƙin taba. Ɓangarenmu shuɗin mayafi a wuya, na can ja, suna waƙa suna zagin juna. Ni ba ruwana da shuɗi balle ja. Tsohon ya sayo mini burodi mai nama a ciki, na riƙe don ɗumin hannu, tunda ban san wanda ya yanka ba.

Kafin a take wasa sai aka yi sanarwa a lasifika cewa mai gyaran ciyawar filin ya rasu a satin, za a yi shiru dominsa. Nan take kowa ya cire hula, dubban mutane suka yi tsit, har ina jin kukan tsuntsayen teku. Na tura burodin a aljihu, na ɗaga hannuwana, ina jiran wani dattijo ya ja addu'a mu amsa, kamar yadda na saba gani tun ina yaro. Ba wanda ya ja. Sai na fara tawa a hankali, na yi wa mai ciyawa fatan alheri, na wuce kan Baba.

Ban kai rabi ba alƙalin wasa ya hura usur, filin ya kaure da ihu. Ashe da agogo suke auna abin, minti ɗaya tak ga mutum ɗungurungum. Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina ni dai ba usur ne zai yanke mini addu'ar ubana ba. Na runtse ido na ci gaba, ana ture ni ta hagu da dama, hawaye na zuba ban share ba. Ina cikin haka na ji ihun da ya girgiza simintin ƙarƙashin ƙafata, alamar masu shuɗi sun ci.

Da na shafa na buɗe ido, tsohon na tsaye a gefena, hularsa a hannu, ruwa na sauka kan sanƙonsa. Ya juya wa filin baya, ya kare ni daga masu tsalle. Bai ga cin ba, shi da ya ce mini tun yana saurayi wasan gida bai taɓa wuce shi ba.

"Ka gama, ɗana?" ya tambaye ni.

Na ce na gama. Ya kama hannuna da nasa biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, sannan ya mayar da hularsa. Yadda wasan ya tashi ban sani ba.

Sai bayan damina biyu na dawo gida. Mutanen Gwaram suka tarbe ni da murna, ana ta tambayar sanyin Turai, gaisuwar rasuwa kuwa sai a jefo ta a tsakiyar hira, don su sun daɗe da gama kukansu. Yayana ya kai ni maƙabarta. Ruwa ya baje wurin, ya tsaya tsakanin kaburbura biyu yana dube-dube, can ya ce yana jin na dama ne.